Furen Albasar Malam Ɗantani

Dandin Mahe,
ƙarshen Oktoba.

Za a yi fim ɗin Indo da Gonar Taurari, kuma a fadamata za a yi shi! Tawa, ba ta wani ba!

Af, ka ga ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum, Baban Mufida. Ina gaishe ka da mai ɗakinka Salamatu da yara, musamman amaryata Mufida. Yaya Bodinga, yaya ɗinki? Mu nan lafiya lau, Innarku tana gaishe ku.

Na san za ka ce mi ya hana in kira ka a waya. Sai da gemuna ya yi fari na zauna ajin dare a Shagari, yara na leƙe ta taga suna dariya, kafin na iya rubutu. Ba zan bar shi ya ruɓe ba. Salisu direba zai kawo maka wagga takarda, kai ma a takarda za ka ba shi amsa.

Ka tuna littafin. Shi ne na fari da na karanta daga bango zuwa bango. Na yara ne, amma ban ji kunya ba. Yarinya Indo ta faɗa rijiya, ta ɓulla wata ƙasa inda ake shuka taurarin da sunka faɗo, su tsiro bisa kara, a girbe su a mayar sama. Na karanta wa Mufida shi har ta haddace, in na yi tuntuɓe ita ke gyara ni.

To, ranar kasuwar Shagari wani mutum ya tsaya gaban albasata. Sunansa Kamal, shi ne darakta, mai ba da umarni a fim. Takalminsa ƙafa ɗaya ja, ɗaya baƙi, kuma ya ce da gangan ne. An ce a fim ɗinsa na baya, daga farko har ƙarshe akuya ce ke kallon mutane. Bai taya albasa ba, sai ya ce, "Baba, ka taɓa ganin furen albasa da asuba?" Na ce, "Tun ba a haifi ubanka ba."

Ya ce ya zaga gari-gari shina neman abin da zai zama gonar taurari. An ba shi shawara ya zana da kwamfuta, ya ce shi ba ya sa wa yara ƙarya a fim. Wata rana ya ga albasar iri ta yi fure, fari fat, dunƙule-dunƙule bisa dogon kara, ya ce ga taurarinsa. Amma kowa fangali ɗaya ko biyu yake yi don iri, shi kuwa gona guda yake so.

Duk wanda ya tambaya ya ƙi. Ni na yarda. Albasar da munka ajiye cikin rudu, rumbun albasarmu, sai ta yi tsada, ita zan fiddo in mayar ƙasa. Ta yi fure a Fabrairu, su zo su ɗauka, sa'annan in yanke kawunan, in sussuke iri in sayar. Ka ga ba a yi asara ba.

Ka faɗa wa Mufida. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Ɗantani.

*

Bodinga,
farkon Nuwamba.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kuna lafiya kai da Inna. Takardarka ta iso. Mufida ta karanta ta sau da yawa, har maƙwabta sun san labarin.

Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Albasar da ke cikin rudun nan ita ce geron gidanka na shekara, ita ce maganin ƙafar Inna. In ka mayar da ita ƙasa, babu abin da ya rage sai irin da kake fatan samu. Kai ka koya mini cewa in kan albasa ya bushe ya fara tsagewa, a ranar ake yanke shi, in an bari iska ta zubar da irin a ƙasa, ko kaza ba ta iya tsince shi. Yanzu kuma za ka ɗaure ranar yanka a ƙafar mutumin da ko takalminsa bai daidaita ba.

Na san 'yan wasan nan. Na taɓa ɗinka wa wasu kaya, suka ce ranar Alhamis za su karɓa, sai bayan Salla na gan su. Ba mugaye ba ne, lokacinsu ne dabam da na mutane.

Ka ba shi fangali uku ko huɗu, ya matso da kyamararsa kusa, za su cika masa ido. Sauran ka bari a rudu. Ni ma kasuwa ba daɗi, ba ni da ƙarfin riƙe gida biyu in abu ya ɓaci.

Don Allah ka dakata har in zo mu yi magana. Ka gaishe da Inna. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Sha'aibu.

*

Dandin Mahe,
tsakiyar Janairu.

Assalamu alaikum, Baban Mufida. Ina gaishe ku duka, da fatan kuna lafiya.

Na daɗe ban rubuto ba, don ban san yadda zan fara ba. Takardarka ta same ni na riga na gama dasawa. Rudu babu kowa ciki sai ɓera. Na so ka zo kamar yadda ka ce, amma da ka ji labari wurin Salisu sai ka fasa. Ban ga laifinka ba.

Maganar fangali huɗu, na faɗa wa Kamal daga baya don in ji. Ya ce Indo gudu take yi cikin gonar har ta gaji, yaya za ta gaji cikin fangali huɗu? Ka duba littafin, gaskiya gare shi.

Albasa ta yi kyau ƙwarai. Kara ya tashi har gwiwa, kowane da ɗan tsinin kai a rufe. Sai dai ban-ruwa ya cinye ni. Na sayar da tunkiyar Innarku saboda man inji, da izininta, ko da yake tun ranar ba ta cika yi mini hira ba. Maƙwabcina Muhammadu kullum in ya wuce sai ya ce, "Ɗantani, yaya taurari? Sun fara haske?" Nakan ce mishi ya jira.

Kamal ya zo sau biyu. Zuwan fari ya kwanta rigingine tsakanin albasa, da rigarsa mai tsada, shina kallon sama ta tsakanin yatsunsa, har na zaci ciwo ne ya kama shi. Zuwa na biyu jaki yake nema mai kunne ɗaya a kwance, kamar na cikin littafi. An kawo mishi jakai daga Lambara, duk ya ƙi su, wai fuskarsu ba ta da tunani. Ya samu yarinyar da za ta fito a Indo. Ya ce tsakiyar Fabrairu za su iso da kayan aiki.

Ka ce wa amaryata ta shirya. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Ɗantani.

*

Dandin Mahe,
ƙarshen Fabrairu.

Assalamu alaikum, Baban Mufida. Ina gaishe ku. Ba ka amsa waccan ba, amma ga wata.

Ta yi fure. Ban san yadda zan rubuta maka shi ba, Malam Yusuf na ajin dare bai koya mana kalmomin wanga abu ba. Da na fito masallaci da asuba na gangara fadama, ƙasa duhu, sama duhu, sai fararen kawuna kawai a tsaye kamar ba abin da ke riƙe da su. In rana ta ɗaga, ƙudan zuma su cika wurin da ƙugi. Muhammadu ya zo zai yi ba'a, ya tsaya kallo, ya juya ya koma.

Kamal bai zo ba. Da fari kyamarar da ya yi haya ce ba ta iso daga Legas ba. Da ta iso, yarinyar ta kwanta da ƙyanda. Na ce ya sa wata, ya ce Indo ɗaya ce. Ya samu jakin dai.

Yini nake yi a gona ina korar awaki. Bayana na ciwo. Fure ba ya daɗewa haka, na faɗa mishi, ya ce, "Baba, sati mai zuwa." Ga azumi ya ƙarato.

Da ka kawo Mufida ta gani ko da babu fim. Ka huta lafiya.

Mahaifinka,
Ɗantani.

*

Bodinga,
farkon azumi.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, yaya ibada? Allah ya karɓa mana.

Na zo ranar Juma'a, kana Shagari wurin salla. Ban jira ka ba, don na ji tsoron abin da bakina zai faɗa da azumi. Na ga Inna. Na leƙa rumbu ba ta sani ba, na ga inda gero ya tsaya. Kunun buɗa-bakinta ma tsinkakke ne, ta ce wai haka take sonsa yanzu.

Na gangara fadama. Fure ya wuce, Baba. Farin ya koma ruwan ƙasa. Na murza kai ɗaya a tafin hannuna, baƙin iri ya fito. Ƙudan zuma sun gama nasu aikin sun tafi, saura naka.

Irin da ke gonar nan yana da yawa, kuma bana ana nemansa. In ka yanke yanzu, ka fita lafiya, har a mayar wa Inna tunkiyarta. In ka jira mutumin nan, iska ɗaya ta ishe ka. Abin da yake so ya ɗauka ma babu shi kuma, to me ake jira?

Ni ba zan iya barin shago ba, kayan Salla sun taru har rufi, ina kan keke daga safe har yatsuna su ƙage. Na gaji, Baba. Na gaji da tunanin gonar nan a kan ɗinkin mutane, jiya sai da na farke wuyan riga don na haɗa shi a juye.

Ka yanke. Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba. Allah ya huci zuciyarka in na yi tsauri.

Ɗanka,
Sha'aibu.

*

Dandin Mahe,
cikin azumi.

Wa alaikumus salam, Baban Mufida. Ina gaishe ku da ibada.

Ba ka yi tsauri ba. Shekaranjiya da la'asar guguwa ta bi ta gefen gabas. Abin da ka faɗa ya faru. Na durƙusa ina tattara ƙasa da hannu ko zan tsira da wani abu, ƙasa ce kawai. Wancan gefen ya tafi. Sauran na nan, amma kawunan sun fara buɗe baki.

Jiya na wasa wuƙa, na ɗauki buhu na gangara. Na kama kara na fari. Na daɗe riƙe da shi, sa'annan na sake shi na dawo gida. Innarku ta ga buhu babu komai, ta ci gaba da aikinta.

Kamal ya kira, ya ce yarinya ta warke, suna hanya cikin kwanakin nan. Na ce mishi farin ya tafi. Ya ce zai zo dai ya gani da idonsa. Ko ni ban ƙara gaskata ranarsa ba.

Ka tambaye ni mi ake jira. Ban iya ba ka amsa mai kyau. Abin da na sani, duk abin da na karanta a duniya na wasu ne, a wani gari, ko a ƙasar da babu ita. Sau ɗaya aka ce abin da ke cikin littafi zai tsaya a gonata, yaran da ba a haifa ba su gan shi. In na yanke, hannuna ne ya ce a'a. Na kasa.

Amma gidan ba nawa ne ni kaɗai ba, Innarku ba ta cin littafi. Wuƙa na nan rataye a zaure. In ka samu sarari ka zo ka yanke, ko ka aiko wanda zai yanke. Ni zan zauna cikin ɗaki ranar, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Ɗantani.

*

Bodinga,
ranar Alhamis.

Zuwa ga angona tsoho mai ran ƙarfe,

Assalamu alaikum, Kaka. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Yaya bayanka? An ce ka koma makiyayin awakin mutane. Ni dai ban auri makiyayi ba, ka sani.

Baba bai san ina rubuto wannan ba, ya ce kada a faɗa maka sai ka gani. Amma na ji tsoron kada ka gaji ka yanke kafin mu iso. Kada ka taɓa wuƙar nan!

Ranar da takardarka ta zo, ya karanta ya ninke, ya ajiye har aka sha ruwa. Yana zaune yana kallon tsohon gidan sauron da Umma ta shanya a igiya, sai ya tashi ya yage gefensa, ya zuba ridi a ciki ya girgiza. Ridi bai zube ba. Umma ta ce, "Lafiya?" Ya ce, "Irin albasa ma ba zai zube ba."

Washegari ya kwashe rabin kayan Sallar da ke shagonsa ya raba wa sauran teloli. Ni da Umma muka bi gida-gida muna roƙon tsofaffin gidan sauro, farare kawai. Muka wanke su da bula. Yanzu 'yan jakunkuna yake ɗinkawa, kowace da zariya a baki. A zura wa kan albasa a ja zariya, in ya tsage irin ya zauna a ciki. Ga shi kuma fari, Kaka! Ni ke yanka, Umma ke zura zariya, shi yana kan keke. Falonmu ya cika, ko wurin shimfiɗa tabarma babu.

Masu kaya suna ta zuwa faɗa. Wani Alhaji ya tsaya ƙofar shago yana cewa, "Sha'aibu, shaddata ka bari kana yi wa albasa hula?" Baba ya ce, "Alhaji, kai kana da wata rigar, ita ba ta da wata." Alhajin ya kwashe shaddarsa, ya ce ya bar shagon ke nan. Baba ya rame, idonsa ja. Yakan yi tsaki ya ce wannan aikin banza ne, kuma ƙafarsa ba ta sauka daga keke.

Ranar Asabar Salisu zai kawo mu da buhunan. Ka kira gayya, hannu da yawa ake so.

Abu ɗaya ke damuna. Ka ce mutumin nan ba ya son ƙarya a fim. In ya ga gidan sauro ya ce ba taurarinsa ba ne fa? Baba ya ce shi iri ya dame shi, darakta ya ji da kansa. Amma na gan shi yana zaɓar wanda ya fi fari.

Ka ajiye mini littafin, kuma ka aske gemun nan kafin in zo.

Amaryarka,
Mufida.

*

Dandin Mahe,
goman ƙarshe na azumi.

Sun zo! Da mota biyu, da yarinya, da jakin!

Assalamu alaikum, Baban Mufida. Ina gaishe ku. Da fatan kun koma lafiya, yatsunka sun saki.

Tun ranar gayya iska ta taso sau da yawa. Ina bi ina taɓa jakunkunan, iri na ƙara a ciki kamar caki. Ko ƙwaya ba ta faɗi ba. Muhammadu da ya ɗaure nasa rabon shina mita, yanzu cewa yake shi ya ba da shawara. Innarku ta ce in faɗa maka ta fara taya tunkiya.

Jiya da asuba na kai Kamal fadama. Ya tsaya bakin gona, ya daɗe. Ya ce, "Baba, wannan ba fure ba ne." Na ce, "Gidan sauro ne." Na faɗa mishi yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya kama ɗaya ya girgiza kusa da kunnensa, ya duba ɗinkin. Sai ya tuɓe takalman nan nasa, ja da baƙi, ya shiga ƙafa ba takalmi. Daga tsakiyar gona ya ɗaga murya ya ce, "Dama taurarin da za a mayar sama ai sai an ƙunshe su!" Wannan babu shi a littafi, amma ban yi gardama ba.

Da ya fito ya ce in faɗa mishi sunan telan, za a rubuta shi a ƙarshen fim. Ga mutane tsaye. Kai ne ɗana na fari, tun ranar suna bakina bai taɓa kiran sunanka ba, kuma ba a gaban Muhammadu zan fara ba. Sai na ce ya ba ni biro. Na ɗora takardarsa bisa gwiwata na rubuta mishi da hannuna, baƙi bayan baƙi, ya karanta bai yi tuntuɓe ba.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba za su ɗauka, Litinin mu yanke. Ku taho tun Asabar ku yi sahur a nan. Ka rufe shago. Ka zo da Salamatu da amaryata da yara, da matan da sunka ba da gidan sauronsu, da telolin da sunka karɓi kayanka. Salisu ya ce zai yi sawu biyu. Har Alhajin nan mai shadda ka ce ina gayyatarsa. Kowa ya zo ya gani.

Mahaifinka,
Ɗantani.